Gefen baki da ya sauka: abin da allura ke gyarawa da abin da ya fi ƙarfinta

Akwai mutanen da kusan kullum sai an tambaye su, "Lafiya kuwa, Hajiya? Wa ya taɓa ki?" ko "Malam, me ya yi zafi haka?" alhali babu abin da ya same su. Zaune suke kawai, hankalinsu kwance, wataƙila ma suna cikin farin ciki. Abin da ya jawo tambayar bai wuce gefen bakinsu ba, wanda ya ɗan karkata ƙasa maimakon ya tsaya a miƙe. Tazarar 'yan milimitoci ce, amma ta isa a ɗauki mutum mai fushi, ko mai raini, ko wanda duniya ta isa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma sau da yawa haka ne. Sai dai fuskar da mai ita bai motsa komai a cikinta ba takan ba da wani labarin daban, na tsoka da ƙashi da haƙora da shekaru, mai kallo kuwa sai ya karanta shi a matsayin ɓacin rai.

Ban yarda da masu cewa wannan damuwa ce ta marasa abin yi ba. Tun a 1862 likitan Faransa Duchenne ya buga littafi a kan yadda ya riƙa ɗora wa tsokokin fuska lantarki ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoto, ya nuna cewa tsokar da ke jan gefen baki ƙasa ita kaɗai ta isa ta zana baƙin ciki a fuska. Bayan shekara 10 Charles Darwin ya yi dogon bayani a kan wannan tsoka, musamman yadda take fara motsi a bakin yaro gab da zai fashe da kuka. A 1978 Paul Ekman da Wallace Friesen suka tsara wa motsin fuska lambobi, saukar gefen baki ta samu lamba 15, tana cikin alamomin baƙin ciki. A 2006 kuma masu bincike a Jami'ar Princeton suka nuna cewa kallon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke hukunci ko fuskar da ya gani abar yarda ce. Wanda aikinsa tarbar jama'a ne, ko koyarwa, ko jinya, yana biyan kuɗin wannan hukunci kowace rana. Idan ya nemi gyara, ba wauta ya yi ba.

Inda ake yin kuskure shi ne a tambayar farko. Yawancin masu zuwa ɗakin gyaran fuska da sunan magani a bakinsu suke zuwa: ni Botox nake so, ni fila nake so. Dukkansu allurai ne da ake yi wa fuska. Saukar gefen baki kuwa kama ɗaya ce mai dalilai da yawa, kuma maganin da ya dace da wani dalilin yana iya ƙara lalata wani.

Wajen santimita ɗaya daga inda leɓen sama da na ƙasa suka haɗu, akwai wani ɗan ƙulli mai tauri a cikin kumatu. Idan ka sa babban yatsa a cikin baki, manuni a waje, ka matsa a hankali, za ka ji shi. Likitoci na kiransa modiyolus. Nan ne tsokoki da dama ke haɗuwa, kamar igiyoyin da aka ɗaure a zobe ɗaya kowace tana ja ta nata ɓangaren. Daga sama akwai tsokar da ta sauko daga ƙashin kunci, wadda ita ce uwar murmushi, da wata da ta taso daga gefen hanci. Daga ƙasa akwai wata mai kusurwa uku da ta taso daga bakin muƙamuƙi, wadda ake taƙaita sunanta da DAO, sannan ga shimfiɗaɗɗiyar tsokar wuya tana taya ta ja. Inda gefen baki zai tsaya idan fuska na hutawa ya danganta da wanda ya fi ƙarfi a wannan ja-in-ja, da kuma abin da ke tallafe da ƙullin daga ciki, wato ƙashi da kitse da haƙora.

Wani da haka aka haife shi. Tsokarsa ta ƙasa ta fi ƙarfi, ko kuma ya saba matse ta idan yana tunani, tun yana saurayi gefen bakinsa a ƙasa yake. Wani kuma shekaru ne suka kawo masa. Ƙashin muƙamuƙi yana raguwa, kitsen kumatu yana zamewa ƙasa ya taru a bayan wata jijiya mai riƙe fata da ƙashi, fatar kanta tana rasa kolajin, sinadarin da ke ba ta ƙarfi, rana da taba sigari suna ƙara mata sauri. Sai a ga layi biyu sun sauko daga gefen baki zuwa haɓa, inuwarsu tana sa bakin ya yi kamar ya fi yadda yake sauka.

Kafin a je ko'ina, akwai nau'i ɗaya da ba na kwalliya ba ne sam, kuma ina so ya zauna a kan kowa. Idan gefe ɗaya na baki ya sauka farat ɗaya, cikin mintoci ko sa'o'i, wannan maganar asibiti ce ta gaggawa. Yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, musamman idan hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, kuma allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa tana da iyakar lokaci, galibi awa 4 da rabi daga fara alamun. Yana iya zama kuma shanyewar jijiyar fuska da ake dangantawa da sunan likita Charles Bell, wadda ke kama ɓarin fuska duka har goshi, ido ya ƙi rufuwa. Ita mafi yawan masu ita suna warkewa, amma maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72. Bambance su aikin likita ne, kada mutum ya tsaya gaban madubi yana gwaji.

To, mu koma kan wanda bakinsa ya daɗe a haka, gefe biyun kuma daidai.

Botox suna ne da wani kamfani ya raɗa wa maganinsa, akwai irinsa da dama kamar Dysport da Xeomin. Dukkansu guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, an tace ta an rage ta zuwa ɗan mitsitsin adadi. Aikinta ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta saki. Likitan ido Alan Scott ne ya fara amfani da ita a Amurka don gyaran idon da ya karkace, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da hakan a 1989. A Kanada wata likitar ido, Jean Carruthers, ta lura cewa masu karɓar allurar tamojin goshinsu yana ɓacewa, ita da mijinta Alastair, likitan fata, suka bi maganar. A 2002 FDA ta amince a yi amfani da ita don layukan da ke tsakanin gira. Har yanzu gefen baki ba ya cikin wuraren da aka rubuta a takardar amincewar. Likitoci suna yi, doka ta ba su dama, an kuma daɗe ana yi, amma ya kamata mai karɓa ya san cewa a nan ƙwarewar mai riƙe da allurar ce ma'auni.

Yadda ake yi abu ne na 'yan mintoci. Likita zai ce ka sauke gefen bakinka ka nuna haƙoran ƙasa, ya sa yatsa ya laluba inda tsokar ta ɗaure, ya ɗiga alama can ƙasa kusa da bakin muƙamuƙi, ya ɗan ja baya daga saitin gefen baki. Adadin da ake sa wa ƙanƙani ne, yunit 2 zuwa 5 a kowane gefe, alhali tsakanin gira yunit 20 ake sa wa. Ba a ganin komai a ranar. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai a fara ji, a cika a mako biyu, ya ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya sake. Allurar ba ta ɗaga komai da kanta. Mai ja ƙasa take kwantarwa, masu ja sama su samu sarari. Shi ya sa ɗagawar kaɗan ce, kuma wanda matsalarsa fata ce da ta zubo ba zai ga wani abin kirki ba.

Dalilin da ya sa ake sauka ƙasa a kuma ja baya shi ne maƙwabciya. Dab da DAO, ta ɓangaren haɓa, akwai wata tsoka da ke sauke leɓen ƙasa idan mutum na magana ko dariya, gefensu ma a haɗe yake, ɗaya kan ɗaya. Idan allura ta matsa ciki kaɗan, ko ta yi zurfi, ko maganin ya yaɗu, sai wannan ta kwanta. Mutum zai tashi bayan mako ɗaya, fuskarsa lafiya lau idan ya yi shiru, amma da ya yi dariya sai ɓari ɗaya na leɓen ƙasa ya sauka, ɗayan ya tsaya yana rufe haƙora. Wasu haruffa su riƙa fita a karkace, kurɓar ruwa ta zama sai an kula. Babu allurar da ke warware wannan. Abin da za a iya yi shi ne a kwantar da ta ɗaya gefen don su daidaita, ko a jira makonni har maganin ya sake. Mai waƙa, mai busa, mai karanta labarai, malamin da ke yini yana magana, duk ya kamata su yi tunani sau biyu. Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai ciwon raunin tsoka irin mayasteniya, su ba a yi musu.

Duk da haka, ga wanda tsoka ce matsalarsa, ni a ganina nan ne ya fi dacewa a fara, saboda dalili ɗaya: ko an yi kuskure, zai wuce.

Fila wani abu ne daban. Ba ya taɓa tsoka, cike gurbi yake yi. Wanda aka fi amfani da shi sinadarin hayaluronik ne, mai kama da kaurin ruwa, wanda dama akwai shi a fatar mutum da gaɓoɓinsa da cikin idonsa. Restylane ya samu amincewar FDA a 2003, Juvederm a 2006. Ana sa shi a ƙarƙashin gefen baki da cikin layin da ya sauko haɓa, wani lokaci har da haɓar kanta da gaban muƙamuƙi, don a mayar wa ƙullin nan da abin dogaro. Idan hannu mai kyau ya yi shi ga wanda ya rasa naman fuska saboda shekaru ko rama, inuwar tana raguwa nan take, fuskar ta yi sanyi.

Matsalar fila ita ce yana da nauyi, yana kuma jan ruwa. Ƙasan fuska dama nauyi ne ya yi masa yawa. Idan aka ci gaba da ƙarawa duk bayan wata shida saboda an ce ya narke, ana iya wayar gari da baki mai kumburi a gefe biyu, wanda ya fi na da saukowa. Kamfanoni kan ce yana ɗaukar wata 6 zuwa 18, amma hotunan MRI sun nuna cewa a jikin wasu yana nan bayan shekaru, wani lokaci ma ya matsa daga inda aka ajiye shi. Don haka "ya ƙare, a ƙara" ba kullum gaskiya ba ce. Sau da yawa ido ne ya saba.

Haɗarin da ya fi wannan girma yana cikin jijiyar jini. Ka cije haƙoranka, ka laluba bakin muƙamuƙinka na ƙasa daidai gaban tsokar da ta taso, za ka iya jin bugun jini a wurin. Babbar jijiyar da ke kai wa fuska jini ce, daga nan take hawa tana lanƙwasa, ta wuce kusa da gefen baki, ta raba rassa zuwa leɓen sama da na ƙasa, ta nufi gefen hanci. Hanyarta ba iri ɗaya ba ce a kowa. Idan fila ya shiga cikinta, jini ya tsaya, fatar da take ciyarwa za ta fara mutuwa. Alamar farko wurin ya yi fari fat, sannan ya yi dabbare-dabbare, ga zafin da ya wuce na allura. A fata mai duhu wannan farin ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi toka-toka ko ya dusashe, shi ya sa dole mai yin aikin ya san abin da yake nema, ya duba cikin leɓe, ya danna ya ga ko jini na dawowa. Makanta ma tana faruwa, ko da yake ba kasafai ba, kuma ta fi zuwa daga allurar hanci da tsakanin gira. Garin gyaran gira a rasa ido, a wannan fannin ba karin magana ba ne kawai.

Abin da ya sa hayaluronik ya fi sauran kwanciyar hankali shi ne yana da makari. Akwai wani sinadari, hayaluronides, da ke narkar da shi cikin sa'o'i, kuma idan aka yi sauri ana ceto fatar. Sauran nau'o'in, irin su Radiesse da Sculptra, wannan makarin ba ya narkar da su. Waɗanda ake kira na dindindin kuwa, da ruwan silikon da wasu ke ɗurawa a ɓoye, ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya yarda a sa masa su a gefen baki ba. Fuska tana canzawa da shekaru, abin da aka sa ba ya canzawa, kuma yana iya yin ƙulluwa mai tauri bayan shekaru, wadda ba ta fita sai da wuƙa.

Zaren da ake sakawa a ƙarƙashin fata a ja ta sama yana da farin jini a talla. Yana narkewa cikin watanni, ɗagawar takan sake kafin nan, kuma wurin da ke motsi duk yini bai dace da shi ba. Man shafawa yana gyara saman fata, ba ya kai wa ga tsoka. Atisayen fuska ba shi da hujja mai ƙarfi.

Sai tiyata. Mutane da yawa suna zaton babbar tiyatar ɗaga fuska, wadda ake yanka ta gaban kunne, za ta gyara gefen baki. Tana gyara zubowar kumatu da bakin muƙamuƙi, amma ja daga kunne ba ya cika kaiwa ga gefen baki, idan aka matsa kuma sai bakin ya faɗaɗa. Tiyatar da aka yi don wannan wurin ƙarama ce. Ana kashe zafin wurin da allura, a yanke ɗan ƙyallen fata mai kusurwa uku a saman kowane gefe, a ɗinke, sai gefen ya hau. Wasu likitocin sukan saki tsokar DAO ko su rage ta a lokaci guda. Ba ta cika wuce awa ɗaya ba, ana cire zare cikin mako guda. Ita ce hanyar da ta fi ba da canji na gaske mai ɗorewa, musamman ga dattijon da fata ta rufto masa kan gefen baki har yawu na taruwa.

Farashinta tabo ne, kuma a wurin da ba ya ɓoyuwa. Gefen baki ba ya hutawa: ana ci, ana magana, ana hamma, ga danshi kullum. Tabon yakan yi ja ko duhu na watanni, ba a sanin yadda zai zauna sai an kusa shekara. Masu fata mai duhu sun fi fuskantar tabo mai tudu da kuma baƙin da ke biyo bayan rauni. Gaskiya ne cewa keloyid, wato tabo mai tudu da ke girma ya wuce raunin, ya fi son kunne da ƙirji da kafaɗa fiye da tsakiyar fuska, amma wanda ya taɓa yin sa ko da a hujin kunne ne, wajibi ne ya faɗa kafin a taɓa shi. Mai shan taba rauninsa ba ya saurin haɗewa. Mai yawan fitar da ƙurajen zazzaɓi a leɓe yana buƙatar magani kafin aikin, don taɓa wurin yana tayar da su.

A 2013 jaridun duniya suka cika da labarin matasa a Koriya ta Kudu da ake yi wa irin wannan tiyata don bakinsu ya zauna cikin murmushi ko da suna shiru, wasunsu masu aikin tarbar baƙi ne. Wannan ya tsaya mini a rai. Mayar da gefen bakin da ya sauka zuwa miƙe abu ɗaya ne. Wuce miƙe zuwa murmushin da ba ya sauka abu ne daban, domin mutum yana buƙatar fuskar da za ta iya nuna alhini a gidan makoki, ta nuna wa yaro cewa abin da ya yi bai dace ba, ta nuna wa likita cewa ana jin ciwo. Yarinya 'yar shekara 22 da aka yanke wa fata don ta dace da aikin da wataƙila za ta bari nan da shekara uku, ita za ta zauna da tabon har tsufa.

Wannan tsoka ɗaya kuwa, a wani hannun, taɓa ta rahama ce. Wasu da suka warke daga shanyewar jijiyar fuska jijiyar takan tsiro a karkace, sai ya zama duk lokacin da suka so yin murmushi DAO ta ɗaure ta ja ƙasa, murmushin ya maƙale. Kwantar da ita da allura, ko yanke ta gaba ɗaya, yana sakar musu murmushin da suka rasa. Likitocin wannan fannin sukan fara gwadawa da allurar kashe zafi, su kwantar da tsokar na ɗan lokaci, su ba mutum madubi ya ga yadda zai kasance kafin a yanke shawara.

Akwai dalilin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne na fi so mai karatu ya duba: haƙora. Tsawon ƙasan fuska, daga hanci zuwa haɓa, haƙora ne ke riƙe da shi. Idan turame suka zube ba a maye su ba, ko suka cinye saboda mutum yana taunar haƙoransa cikin barci, ko haƙoran roba suka tsufa suka lotsa, muƙamuƙin ƙasa yakan rufe fiye da ƙa'ida. Haɓa ta matso kusa da hanci, leɓɓa su shige ciki, fatar da ta rage ta naɗe a gefen baki ta zubo. Ƙashin da ke riƙe da haƙori shi ma yana fara janyewa da zarar an cire haƙorin, kuma ya fi sauri a watannin farko. A cikin wannan naɗin yawu ke kwanciya, wurin ya jiƙe, ya tsage, ya yi ja, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ƙarancin wasu bitamin na rukunin B, da ciwon sukari duk suna taimaka wa wannan tsagewar. Irin wannan mutum idan aka yi masa Botox an ƙara raunana bakin da dama ba ya riƙe yawu. Idan aka cika masa fila an ɗora kaya a kan abin da ba shi da tushe. Likitan haƙori ne zai mayar masa da tsawon cizonsa, sau da yawa kuma gefen bakin yakan hau da kansa. Duk mai gyaran fuskar da bai ce ka buɗe baki ya ga haƙoranka ba, bai gama duba ka ba.

Wannan ya kawo mu ga wanda ke riƙe da allurar. A 2013 wani kwamiti ƙarƙashin Bruce Keogh, wanda a lokacin shi ne daraktan lafiya na NHS, hukumar kiwon lafiya ta Ingila, ya gano cewa mai karɓar irin waɗannan allurai ba shi da kariyar doka da ta wuce ta mai sayen biro ko buroshin goge baki. Sai a 2021 Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 Botox da fila don kwalliya. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da sanarwar mutane a jihohi da dama da suka kwanta rashin lafiya bayan an yi musu allurar jabu ko a hannun marasa lasisi, a gidaje da shagunan kwalliya. A 2025 aka samu sama da mutum 30 a Ingila da gubar ta kama bayan allurar da ba ta da rajista. Alamominta fatar ido ta sauka, gani ya rabu biyu, haɗiya ta yi wuya, murya ta canza, daga nan numfashi. Idan ƙasashen da ke da hukumomi masu ƙarfi suna fama da wannan, inda sa ido ya yi rauni sai abin da ya ƙaru. Kwalbar da aka saya ta intanet babu wanda ya san adadin da ke cikinta.

Wani abin kuma yana ɓangaren mai neman gyaran. Yawancinmu yanzu a kyamarar waya muke ganin fuskarmu, ita kuwa ba ta faɗin gaskiya daga kusa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa faɗin hanci kusan kashi 30 cikin 100. Idan wayar tana ƙasa da haɓa, kamar yadda ake riƙe ta a kiran bidiyo, kai a sunkuye, duk naman ƙasan fuska gaba yake zubowa, hasken sama kuma ya zurfafa kowace inuwa. Mutum sai ya tsani fuskar da babu wanda ke ganinta sai shi. Akwai kuma waɗanda abin ya wuce haka, ya zama ciwo: suna shafe sa'o'i a kan wani aibi da wasu ba sa gani, suna guje wa mutane saboda shi. Kusan mutum 2 cikin 100 ke da wannan larura, a cikin masu neman gyaran jiki kuwa adadin ya ninka haka. Allura da wuƙa ba sa kwantar musu da hankali, damuwar wani wurin take komawa, amma maganin likitan ƙwaƙwalwa da zaman tattaunawa suna taimaka musu ƙwarai. Tun Yulin 2023 Ostareliya ta wajabta wa likitocin tiyatar kwalliya su tantance wannan larura, mai nema ya zo da takarda daga wani likitan, a kuma ba shi aƙalla kwana 7 ya sake tunani kafin a sa ranar aiki. Ina ganin tsari ne mai kyau, kuma mutum yana iya ɗora wa kansa shi ko doka ba ta ce ba.

Zaman farko da likitan kirki yana da kamanni. Zai bar ka ka yi ta magana yana kallon bakinka, don fuskar da ke motsi ita ce za ka fita da ita. Zai ɗauki hoto kana shiru, kana murmushi, kana nuna haƙoran ƙasa, ya nuna maka bambancin da dama ke tsakanin ɓarin dama da na hagu, don kusan kowa yana da shi, kada bayan aiki a ɗora wa allura. Zai tambayi magungunan da kake sha, har da masu tsinka jini, da abin da aka taɓa sa maka a fuska ko da shekara goma ne. Zai faɗa maka wanne ne dalilinka a cikin waɗanda aka ambata, idan biyu ne ya ce biyu ne, idan na likitan haƙori ne ya tura ka can. Idan Botox ne zai fara da kaɗan ya ce ka dawo bayan mako biyu, don ƙarawa tana yiwuwa, ragewa ba ta yiwuwa. Idan fila ne, ka nemi a buɗe kwalin a gabanka, ka ɗauki hoton sunansa da lambarsa, ka karɓi lambar wayar da za a ɗauka ko da tsakar dare ne. Sannan ka tambaya ko akwai hayaluronides a ɗakin a wannan lokacin, a fito da kwalbar ka duba ranar lalacewarta kafin ka kwanta a kujera.